Tauraron da ke tsohuwar tutar Najeriya: daga ina ya fito?

1/ Duk lokacin da 1 ga Oktoba ta kusanto sai hoton tsohuwar tutar Najeriya ta zamanin Turawa ya sake yawo, da rubutu a ƙasa wai Lugard ya liƙa mana tauraron Isra'ila. Ko a majalisarmu ta Minanata an sha yin musu a kai. To ku gyara zama, asalin tauraron nan ya fi kusa da Sakkwato fiye da yadda kuke zato.

2/ Ga siffar tutar. Bayan haɗe Arewa da Kudu a 1914, an yi mata shuɗin ƙyalle, da tutar Birtaniya a kusurwar sama. A gefe kuma jan da'ira, cikinta koren tauraro mai tsini shida, da kambin Sarkin Ingila da sunan Najeriya a tsakiyarsa. Ita aka yi ta amfani da ita har 1960.

3/ Ƙasar Isra'ila a 1948 aka kafa ta, shekara 34 bayan wannan tuta. E, Yahudawa sun daɗe da riƙon alamar, amma ba su kaɗai ba ne. Musulmi sun san ta da sunan hatimin Annabi Sulaiman. Tana jikin tsofaffin kuɗin tagulla na Maroko, tana cikin hatimai da layu na malaman zaure.

4/ Lugard da kansa ya yi bayani a rubuce bayan ya bar ƙasar nan. A faɗarsa, an ga zanen ne a murfin wata buta ta tagulla mai ado, wadda sojojinsa suka kwaso lokacin da suka ci Kwantagora da yaƙi. Wannan yaƙi a 1901 aka yi shi.

5/ Wa ke sarautar Kwantagora a lokacin? Sarkin Sudan Ibrahim, ɗan Umaru Nagwamatse. Shi kuwa Umaru ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ne, Atiku kuma ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Kun ga ke nan daga garin tattaɓa-kunnen Shehu aka ɗauko butar.

6/ Kada wani ya yi saurin cewa ashe karrama mu aka yi. Ni dai ban ga karamci a nan ba. Ganimar yaƙi ce. An ci mutum da yaƙi, an ɗauki adon kayansa, an ɗora kambin wani sarki a tsakiya, aka ce ga tambarinku. Mai son jin haushin tutar nan yana da dalili, sai dai ba dalilin da ake yaɗawa ba ne.

7/ Ku tambayi kakanninku labarin anini da kwabo mai huji. Tauraron nan ne kewaye da hujin. Har kwabon da aka buga a 1959 yana ɗauke da shi, aka ci gaba da cefane da shi bayan 'yancin kai, kafin zuwan naira da kwabo a 1973. Wato ya sauka daga kan sanda, amma ya daɗe cikin aljihu.

8/ Mu a Sakkwato ba Bature ya koya mana darajar tuta ba. Da tuta Shehu ya riƙa ba da izinin jihadi: Modibbo Adama, Buba Yero na Gombe, Yakubun Bauchi, Malam Musa na Zazzau, Ummarun Dallaje na Katsina, duk masu tuta ne. Ranar 15 ga Maris 1903 a Giginya, bayan rundunar Sarkin Musulmi Attahiru ta watse, akwai mutanen da suka tsaya a gindin tuta, suka ƙi gudu har aka kashe su nan.

9/ Sai mu zo ga wagga tamu ta yanzu. Gab da 'yancin kai an sa gasar zanen tuta, aka samu zane sama da 2,000. Wanda ya ci a 1959 ɗalibi ne mai shekara 23, Michael Taiwo Akinkunmi, yana karatun injiniyan lantarki a Landan. A jarida ya ga tallar. Ladansa fam 100.

10/ Abin da da yawa ba su sani ba: zanensa na asali akwai jar rana mai haskawa a tsakiyar farin. Alƙalan gasar suka cire ta, suka bar kore, fari, kore. Kore noma da albarkar ƙasa, fari zaman lafiya. Ita aka ɗaga a filin sukuwa na Legas daren 1 ga Oktoba 1960, filin da yau ake kira Dandalin Tafawa Ɓalewa.

11/ Wasu na cewa tutarmu ba ta da armashi, kamar ba a gama zana ta ba. Ni ina ganin cire ranar nan dabara ce. Ƙasa mai jihohi uku a lokacin, kowace da nata tambarin da jam'iyyarta, duk alamar da ka sa sai wani ya ce ta wane ce. Shekara 7 kacal bayan haka, a 1967, rana mai fitowa ta bayyana a tutar Biyafara. Ku yi tunanin da tana kan tamu.

12/ Adon da aka hana tuta sai aka zuba shi a tambarin ƙasa: baƙar garkuwa, farin zane mai rassa biyu na haɗuwar Kwara da Binuwai a Lakwaja, fararen dawaki biyu, jan gaggafa a sama. Taken da ke ƙasa da farko haɗin kai da imani ne kawai, a 1978 aka ƙara zaman lafiya da ci gaba.

13/ Shi kuwa Akinkunmi gida ya dawo, ya yi aikin gwamnati a Ibadan har ya yi ritaya ba tare da an cika tunawa da shi ba. Sai a 2014 gwamnatin Jonathan ta ba shi lambar girma ta OFR. Ya rasu 29 ga Agusta 2023 yana da shekara 87, gawarsa kuma ta kwashe kusan shekara guda kafin a binne shi a Ibadan a 2024.