Kiɗa da ƙira sun tsaya bakin ƙofar lakkwal

Ƴan uwa ɗalibai, in kun duba za ku ga tsarin lisenmu gadon Faransa ne. Bayan birbe ana raba mu: seri A ga masu adabi, C da D ga masu lisafi da kimiyya. Wanda hannunsa ya iya gyaran inji ko haɗa wayar lantarki, sai in ya samu wuri a makarantar fasaha irin Lise Teknik Ɗan Kasawa ta Maraɗi. To mai ganga fa? Mai zane fa? Ni dai ban ga serin da aka yi musu ba.

Amma ƙasar nan ta taɓa koyar da kiɗa, a wajen aji. Bayan juyin mulkin 1974, Seyni Kunce ya farfaɗo da samariya. Kowace unguwa da ƙungiyarta, ana koyon waƙa da rawa da wasan kwaikwayo, ana fita gasa tsakanin jihohi. Gaskiya ne an yi hakan don yabon mulki, mu daina ɓoyewa. Sai dai yaro yakan fito ya iya wani abu.

A 1989 aka buɗe cibiyar koyon kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai, inda Yakuba Mumuni ya kafa ƙungiyar Mamar Kassey. Tawa kuma tana da gasar Ɗan Gurmu. Samariya ta watse da zuwan jam'iyyu, lakkwal ba ta ɗauki aikinta ba. Yau ɗan Damagaram mai son algaita sai ya bi makaɗan fada, in sun yarda da shi.