Tsakanin St. Louis da Matuzgi: Muhawarar 'Yan Kallo kan Wasan Binciken Saduwa

A wata majalisa da nake zama a Talatar Mafara bayan sallar isha'i, wani matashin malamin sakandare ya taɓa kawo labarin wani wasan talbijin na Amurka da ya kalla a kwamfutarsa, mai suna Masters of Sex. Bai kai ƙarshen bayani ba, wani dattijo da ke jan carbi a gefen tabarma ya ɗaga hannu ya ce, "Dakata, ɗana. Wanga ba ilimi ba na, iskanci na anka sa ma rigar likita." Matashin ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ai abin da sunka gano shi likitocinmu ka aiki da shi yau." Mutum biyu kaɗai suka ga wasan a cikinmu, amma babu wanda bai tofa albarkacin bakinsa ba, har mai shayin da ke kusa ya fara tattara kofuna ba a gama ba.

Na daɗe ina juya wannan gardama a raina. Abin da na tsaya a kai shi ne, dattijon da matashin kowa yana da gaskiyarsa, amma sun yi tarayya a kuskure guda: dukkansu sun ɗauka bincike a kan abin da ke gudana tsakanin miji da mata baƙon abu ne da ya zo mana daga Turai. Ɗaya ya ƙi shi domin baƙuntarsa, ɗaya ya rungume shi domin ita. Tarihin wannan yanki na Mafara, Bakura da Maradun bai goyi bayan wannan zato ba.

Tashar Showtime ce ta fara nuna wasan a watan Satumba na 2013, ya ƙare a 2016 bayan zango huɗu da kashi 46. An gina shi a kan littafin tarihin rayuwa da Thomas Maier ya wallafa a 2009 game da William Masters, likitan mata a Jami'ar Washington da ke St. Louis, da Virginia Johnson, wadda ya ɗauka aiki a 1957 ba ta da digiri. Kafin su, Alfred Kinsey ya yi ta yi wa mutane tambayoyi ya fitar da rahotanninsa a 1948 da 1953. Su kuwa ba su tsaya ga tambaya ba. Sun shigar da mutane ɗakin gwaji, sun liƙa musu na'urorin auna bugun zuciya da numfashi, sun zuba ido. Mata 382 da maza 312 suka shiga binciken da ya haifar da littafinsu na 1966, inda suka kasa abin da jiki ke yi lokacin saduwa zuwa matakai huɗu, daga motsuwar sha'awa zuwa komawar jiki daidai. A 1970 suka fitar da na biyu a kan magance matsalolin ma'aurata.

Su ma 'yan kallon can ba bakinsu ɗaya ba. Zangon farko ya sha yabo. Daga baya ƙorafi ya yi yawa cewa labarin ya bar ɗakin bincike ya koma rikicin soyayya, kuma marubutan sun yi ta ƙara abin da bai faru ba, har a zango na uku aka riƙa sanya sanarwa cewa 'ya'yan da ake nunawa ƙagaggu ne. Abin lura shi ne wadda ta fi taɓa zukata ba mai binciken ba ce. Wata matar aure ce mai suna Margaret a cikin labarin, wadda ta yi shekaru da dama a ɗakin miji ba ta taɓa sanin gamsuwa ba, ba ta ma san akwai abin da ta rasa ba sai ranar da aka yi mata tambaya. Allison Janney da ta fito a matsayinta ta samu lambar Emmy a 2014. Ko matashin malamin nan, da aka matsa masa ya faɗi abin da ya fi tsaya masa a rai, wannan matar ya ambata, sannan ya yi shiru, mu ma muka yi.

Duk wanda ya yi karatun zaure a ƙasar Hausa ya san ranar da aka kai babin abin da ke wajabta alwala da wanka a Risalar Ibn Abi Zaid. Ina iya tuna tawa ranar. Malam na zaune a kan buzu, littafin a buɗe bisa cinyarsa, yana fassara kalma bayan kalma da muryar da yake fassara babin azumi, ba ɗagawa ba sassautawa. Ya bambanta mana maniyyi da maziyyi da wadiyyi, ya faɗi kamannin kowanne da lokacin fitarsa, ya faɗi na mace. Mu samari muka dukar da kai muna wasa da bakin tabarma. Da ya lura, sai ya rufe littafin da yatsarsa a ciki ya ba mu labarin Ummu Sulaim, wadda ta je gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta yi tambaya a kan mafarkin mace, da kuma yabon da Nana A'isha ta yi wa matan Madina cewa kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. Daga nan ya ci gaba da karatu.

Fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke hukunci da shi bai kauce wa wannan fage ba. Mijin da ya kasa kusantar iyalinsa, alƙali na ba shi wa'adin shekara guda ya nemi magani, in bai samu ba matar tana da zaɓi. Wanda ya rantse ba zai kusanci matarsa ba, Alƙur'ani ya yanka masa wata huɗu. Shari'ar da ta ɗauki biyan buƙatar mace a matsayin haƙƙin da ake kai ƙara a kansa ba za ta zama maƙiyiyar sanin yadda jiki ke aiki ba.

Hujjar da ta fi kusa da gida tana Matuzgi, a cikin ƙasar Mafara. Can Malam Muhammadu Tukur, ɗaya daga manyan almajiran Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya zauna a farkon ƙarni na 19. An san shi da waƙoƙin wa'azi da Fulatanci da kuma sanin magani, kuma cikin abin da ya bari da Larabci akwai littafin da ya sa wa suna Mu'awanatul Ikhwan fi Mu'asharatin Niswan, wato taimakon 'yan'uwa a kan zama da mata, wanda ya tattara magunguna da addu'o'i na sha'anin ma'aurata. Waliyyi ne a idon mutanen zamaninsa, kuma bai ga rubuta wannan ya rage masa daraja ba. Ba shi ya fara ba: Imam Suyuɗi na Masar, wanda ya aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha a ƙarshen ƙarni na 15, yana da littattafai a wannan fanni. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya yi rubutu a kan magani, har da na basir. Tsakanin Matuzgi da tabarmar da muke gardama a kanta ba wata tafiya ba ce, amma a daren nan babu wanda ya ambaci sunan Malam Tukur, har da ni.

Wannan ba ya nufin dattijon ya yi kuskure gaba ɗaya, kuma ba na son a fahimce ni haka. Akwai tazara mai faɗi tsakanin tambaya da leƙe. Masters ya fara aikinsa ne da leƙen karuwai a gidajensu. Daga baya ya haɗa maza da matan da ba su san juna ba a ɗakin gwaji, ya kuma yi amfani da matan haya wajen jinyar mazan da ba su da aure. Littafin Maier ya nuna yadda ya shigar da kwanciya da shi cikin aikin Johnson, alhali shi ne ubangidanta kuma yana da mata a gida. Sai a 1971 suka yi aure, suka rabu a 1993. Musulmi ba zai karɓi wannan hanya ba, kuma ko a can ƙa'idojin bincike na yau sun fi na wancan zamani tsauri nesa ba kusa ba. Wasan kansa cike yake da tsiraici, ba abin da za a kunna a tsakar gida ba ne, ni kuma ba zan ce wa kowa ya neme shi ba. Abin da nake ƙi shi ne a haɗa hanyar da tambayar a zubar tare. Cikin abin da suka tabbatar akwai cewa fargaba da sa ido a kan kai na kashe ƙarfin namiji ko da lafiyarsa ƙalau, cewa tsufa ba ya kawar da buƙata, da cewa matsalar shimfiɗa ta mutum biyu ce, don haka miji da mata ake zaunarwa tare, likita namiji da mace su saurare su. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya saɓa wa abin da Malam ya karantar da mu a zaure.

Shirun da muke yi kuwa ba shiru ba ne na gaskiya. A shiga kasuwar Mafara ranar Talata, a tsaya kusa da motar mai tallar maganin gargajiya. Lasifika a kan rufin mota, kwalabe jere a kan buhu, yana zayyana raunin maza da sanyin mata da kalmomin da ba zan iya rubutawa a nan ba, 'yan mata masu tallar gyaɗa na wucewa, almajirai na tsaye suna dariya. Komai basir ne, komai sanyi ne, kwalba guda ta warkar da duka. Magidanci ya miƙa kuɗi a ɓoye ya soke kwalbar a aljihu, wataƙila ciwon suga ne ke cinsa ko hawan jini, ba zai sani ba sai ya kwanta. A cikin gida kuma dillaliya na yawo da kayan mata, wasu na matsi ne da ba wanda ya san abin da aka haɗa a ciki. Mun bar batsa marar ilimi tana yawo da lasifika, mun hana ilimi magana don tsoron batsa.

Mafi ciwo shi ne yankan gishiri. Amarya ƙarama ta kasa jure kwanciyar aure saboda zafi ko tsoro, sai a ce gishiri ne ya toshe ta, a kira wanzami ko ungozoma a yanka. Likitocin da suka yi aikin yoyon fitsari a Arewa, irin su Kees Waaldijk da ya shafe shekaru a asibitin Babbar Ruga ta Katsina, sun lissafa wannan yanka cikin abubuwan da ke jawo cutar, bayan doguwar naƙuda wadda ita ce babbar sila. Yarinyar da bayani da haƙuri da tausasawar miji za su wadatar, sai ta ƙare da lalurar da za ta raba ta da ɗakinta. Duk wanda ya taɓa ganin irin waɗannan mata zaune a harabar asibiti da ƙyallaye a ƙarƙashinsu ba zai ƙara cewa rashin sani kunya ce ba.

Game da hana kallo, yankin nan ya fi kowa sanin iyakarsa. Ƙananan hukumominsa uku kowacce ta ba Zamfara gwamna: Ahmad Sani Yariman Bakura, Abdul'aziz Yari na Mafara, da Bello Matawalle na Maradun. A zamanin na farko aka ƙaddamar da shari'a a Gusau cikin Oktoba 1999, ta fara aiki a Janairu 2000, aka rufe gidajen sinima. Kano ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001. Waɗannan matakai sun yi aiki lokacin da majigi ke cikin gini mai ƙofa ɗaya. Yanzu majigin na aljihu. Ko a Satumba 2021, da aka katse layukan waya a faɗin jihar saboda 'yan bindiga, masu tura fina-finai a bakin kasuwa ba su rufe shago ba, daga kwamfuta zuwa waya ba ya buƙatar intanet. Abin da yaro zai gani ya riga ya fi ƙarfin mai gadi. Abin da ya rage a hannunmu shi ne abin da za mu ajiye kusa da shi.

A nan ne wasan Amurkan ke da darasi ga masu shirya fim na Hausa, kuma darasin na salo ne. Ƙarfinsa ya zo daga mayar da labarin baya zuwa shekarun 1950. Ɗan kallo na ganin mutane cikin tufafin kakanninsa suna fama da jahilcin da yake zaton ya wuce, sai ya samu sararin yin magana a kan kansa ba tare da ya ce shi ne ba. Bahaushe ya san wannan dabara tun a tatsuniya, inda ake ɗora wa Gizo abin da ba a iya faɗa wa maigida. Dadin Kowa na tashar Arewa24 da Labarina na Aminu Saira sun nuna cewa mutanenmu za su bi dogon labari mako bayan mako, su yi ta muhawara a kansa. Marubuta mata irin su Balaraba Ramat Yakubu sun daɗe da buɗe ƙofar ɗakin aure a rubuce ba tare da sun yaye labulen gado ba.

Ina hango wasan da za a kafa a Matuzgi shekara ɗari biyu da suka wuce. Zaure ne da buzu da tawada, malami na rubutu. Magidanci ya shigo bayan almajirai sun watse, ya daɗe yana gaisuwa ya kasa faɗin abin da ya kawo shi. Ta ƙofar cikin gida kuma wata tsohuwa ta kawo tambayar jikarta amarya, matar malam ta karɓa ta kai masa, ta komo da amsa. Babu tsiraici, babu leƙe, babu kalmar da ba ta cikin Risala. Na faɗa wa dattijon nan wannan tunani bayan kwana biyu, muna fitowa daga masallaci. Ya tsaya yana neman takalminsa, ya ce ya san Matuzgi, kakansa ma can ya yi karatu, amma bai taɓa jin labarin littafin ba. Sai ya tambaye ni ko akwai wanda ya fassara shi da Hausa.