Daga aikin tilas zuwa ƙurar Arlit

Kafin a san wani abu wai shi yajin aiki a ƙasar Arewa, gudu kaɗai aka sani. In kumandan Dogon Dutsi yana son hannaye don gyaran hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Ƙonni, sarki yake aika wa da adadi, sarki ya raba wa masu gari, dogarai su bi gida gida. Ba lada, guzurinka ma daga rumbunka. Wanda ya gaji ya tattara iyali cikin dare ya tsallaka ƙasar Ingilishi, wajen Kabi ko Sakkwato, tunda iyakar ba nisa. Sai ranar 11 ga Afrilu 1946 majalisar Faransa ta soke aikin tilas, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny.

Daga nan magana ta koma birni. Ranar 3 ga Nuwamba 1952 ma'aikata a faɗin Afirka ta Yamma ta Faransa suka ajiye aiki rana guda, kuma 15 ga Disamba aka sa hannu kan dokar ƙwadago: awa 40 a mako, 'yancin yajin aiki, da masu binciken wuraren aiki. A Nijar, Djibo Bakary ne ya ja ragamar 'yan sandika, kuma da ƙarfin lebura da direbobi ya zama magajin garin Yamai a 1956. Ya ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 1958, ya faɗi, aka haramta jam'iyyarsa ta Sawaba a 1959. Sandika ta yi shekaru talatin tana zaune a inuwar gwamnati, har haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta USTN ta farka a 1990 ta tsayar da ƙasa cak, aka kai ga Babban Taron Ƙasa na 29 ga Yuli 1991.

Albashi da siyasa ne suka cinye yawancin wannan gwagwarmaya. Batun lafiyar jiki ya makara, kuma a ganina nan ne babban giɓin. Kamfanin Somaïr ya fara fitar da yuraniyom a Arlit a 1971, na Cominak ya biyo baya a Akokan a 1978, da rami mai zurfin kusan mita 250. Samari daga kudu suka yi ta kwarara, albashin ya fi na ko'ina. Tsoffin ma'aikata na ba da labarin yadda mutum zai dawo gida da kayan aikinsa a jiki, ƙura har gira, matarsa ta wanke su a kwano ɗaya da na yara. Iskar radon da ake shaƙa a ma'adanan ba ta wari, ba ta da launi. Sai bayan shekaru tari ya zo.

Wani ma'aikacin Somaïr, Almoustapha Alhacen, ya kafa ƙungiyar Aghirin'man bayan ya ga abokan aikinsa na mutuwa da ciwon da ba a gaya musu sunansa. A 2003 masanan CRIIRAD daga Faransa suka zo, suka tarar da tarkacen ƙarfen ma'adana mai guba a kasuwar gari, irin wanda maƙera ke mayarwa tukunya da ƙyauren ɗaki.

An rufe Cominak ranar 31 ga Maris 2021. Ma'aikatan kamfani wajen 600 sun karɓi haƙƙin sallama. Ɗaruruwan 'yan kwangila, da suka shaƙi iska ɗaya da su a ƙarƙashin ƙasa, suka yi ta kukan an bar su a baya. Sharar da aka tara, kimanin tan miliyan 20, tana nan jibge a bakin Akokan.