Tufafin Samari da Laƙabinsu a Ƙasar Karaye da Rogo

A ƙasar Karaye da Rogo, can yammacin Kano wajen iyakar Katsina da Kaduna, a zamanin da, tufar yaro shekarunsa take nunawa da sana'ar gidansu. Yaro da bante yake tashi. Ɗan manomi ko na mafarauci ya ɗaura warki na jemammiyar fata, in ya tasa a ɗinka masa 'yar shara ta saƙi. Babbar riga ta magidanta ce. Budurwa kuwa ɗaurin ƙirji take yi, da jigida a ƙugu, ta fita dandali yin gaɗa. Lulluɓi sai ta shiga ɗaki. Gorin da tufa ke jawowa kaɗan ne, mafi zafinsa a ce wa saurayin da ya girma bai rabu da warki ba Bamaguje.

Makarantar boko ce ta fara raba sa'o'in juna gida biyu, musamman daga 1976 da gwamnatin Obasanjo ta soma shirin ilimin firamare kyauta. Yaron da ya sa gajeren wando ya yi zanzaro ya zama ɗan boko, ana zarginsa da raina manya da ƙyamar fartanya. Ɗan'uwansa mai yagaggiyar riga da ƙoƙon bara almajiri ne, ko ɗan gidan wa ne. Zargin da aka ɗora wa 'yar boko ya fi nauyi: wai ba za ta zauna gidan miji ba.

Cin rani ya kawo nasa. Saurayi ya tafi Kano ko Legas bayan kaka, ya dawo ana jajiberin salla da tabarau da wando mai faɗin ƙafa, yawanci gwanjo irin na Ƙofar Wambai. Shi ne ɗan gaye. Abin lura shi ne, daga bakinsa kalmar baƙauye ta fi yin ciwo, domin ɗan garinsu yake jifa da ita, wanda suka yi noman rake tare bara.

Bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, makarantun Islamiyya suka yawaita, hijabi ya shigo. Da farko alama ce mai ƙarfi: yarinyar da ta sa shi ustaziya ce, saurayin da ya ɗage wando sama da idon sawu ustazu, sunan da kan zama yabo ko ba'a gwargwadon bakin da ya faɗa. Da aka ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, aka kafa hukumar Hisba a 2003, hijabi ya game gari har ya daina bambanta kowa. Sai ido ya koma kan tsawonsa. Mai har ƙasa kamila ce. Mai yafa siririn gyale a kafaɗa 'yar gayu, a ce 'yan fim take kwaikwayo.

Wajen maza, yanzu aski ya fi riga jawo magana. Wanda ya bar tozon gashi a ka, ya zazzago ɗamammen wando, nan take a kira shi ɗan daba ko ɗan shaye-shaye, ko da daga gonar masara ya fito. Ranar Juma'a shi ɗin ne dai zai sa shadda da hula zanna bukar, ɗinkin da ya nuna wa tela hotonsa a waya.