Tarihin Neman Hoto da Hoto: Siffa, Gefe da Matsalar Kama

Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne tarihin wata dabara, watau yadda aka koya wa kwamfuta ta shiga taskar da ke ƙunshe da dubban hotuna, ta zaƙulo waɗanda suka yi kama da wanda aka nuna mata. Duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin ajiyar fayil ya san takarda tana da sauƙin nema, domin tana da lamba da kwanan wata. Hoto kuwa ba shi da ko ɗaya, sai abin da akawu ya ga dama ya rubuta a bayansa. In ya rubuta "doki", to wanda ya zo neman sirdi ko linzami sai ya koma hannu banza, alhali ga su nan cikin hoton.

Wannan matsala ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A shekarar 1897 'yan sandan lardin Bengal na ƙasar Indiya suka buɗe ofishin zanen yatsu a Kalkata, ƙarƙashin Edward Henry. Waɗansu ma'aikatansa biyu, Azizul Haque da Hem Chandra Bose, su ne suka yi mafi yawan aikin lissafin, ko da yake sunan Henry tsarin ya ɗauka. Suna duban zanen kowane yatsa, su ga ko mai zagaye ne ko a'a, sa'an nan su fitar da lamba wadda za ta kai katin mutum ɗaya daga cikin rukuni 1,024. Ina roƙonku ku riƙe wannan, gama duk abin da ya biyo baya a kansa aka gina shi: a mai da siffa ta zama lamba, a ajiye lambobi masu kama da juna wuri guda. Bambancin kawai shi ne, a Kalkata idon mutum ne ke gane siffar.

To, ta yaya na'ura za ta gane ta? A wurin kwamfuta hoto ba kome ba ne illa jerin ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo da lambar da ke nuna yawan haskensa. Ba ta ganin doki, ba ta ganin mahayi. Abin da za ta iya lura da shi shi ne wurin da haske ya sauya farat ɗaya ya koma duhu, kuma galibi nan ne iyakar wani abu take. Wannan iyaka ita muke kira gefe. A 1959 waɗansu masana biyu a Amurka, David Hubel da Torsten Wiesel, suka gano cewa a ƙwaƙwalwar kyanwa akwai ƙwayoyin da ba su motsawa sai sun ga layi mai wata karkata ta musamman. Wannan ya ƙarfafa zaton cewa gani da gefe yake farawa.

A 1963 Lawrence Roberts na makarantar MIT ya sa kwamfuta ta fitar da layukan gefen waɗansu tubala daga hotonsu. A 1968 Irwin Sobel ya kawo hanyar auna kowane ɗigo da maƙwabtansa takwas. Amma dai hanyar da ta fi karɓuwa ita ce ta John Canny, ta 1986, kuma ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Da farko ana shafe hoton kaɗan don a kawar da ƙura da tabo. Daga nan a auna ƙarfin sauyin haske a ko'ina, a kankare layukan su zama sirara. Sa'an nan a kafa ma'auni biyu: layin da ya haye babban ma'auni an karɓe shi, wanda ya gaza ƙarami an yar da shi, wanda ya tsaya tsakani kuwa ba a karɓarsa sai in yana manne da wanda aka riga aka amince da shi. Kusan a ce baƙo ne, sai ɗan gari ya tsaya masa.

Sauran aiki shi ne mai da layukan su zama lamba. Tun 1962 Ming-Kuei Hu ya nuna ana iya fitar da lambobi 7 daga siffa, waɗanda ba su canzawa ko an matsar da ita, ko an juya ta, ko an ƙara girmanta. Da aka haɗa waɗannan dabaru sai ƙofa ta buɗe. A 1992 Toshikazu Kato a Japan ya raɗa wa fannin sunan da ake kiransa da shi, watau neman hoto ta abin da ke cikinsa. Kamfanin IBM ya fito da QBIC, inda mutum zai zana abin da yake nema, na'ura ta kawo masu kama da shi. Gidan tarihi na Hermitage a Rasha ya yi aiki da shi. Ƙa'idar MPEG-7, ta farkon shekarun 2000, ta yanka hoto gida 16, ta ƙidaya gefe iri 5 a kowane gida, sai hoto ya koma lambobi 80. Hotuna biyu da lambobinsu suka kusanci juna, an ce sun yi kama.

A nan ne fa gizo ke saƙa. Faifai da taya da farin wata duk siffarsu ɗaya, na'ura za ta kawo maka su tare ba kunya. Doki a tsaye da doki a kwance kuwa, a wurinta ba su haɗa kome ba. A shekarar 2000 Arnold Smeulders da abokan aikinsa suka bi diddigin aikin da aka yi, suka nuna giɓin da ke tsakanin abin da na'ura ke aunawa da ma'anar da mutum ke nema. A ganina, masu wannan fanni sun daɗe suna ɗauka kama abu ɗaya ne, alhali kamar da ɗan sanda yake nema daban take da wadda likita ko ɗan kasuwa yake nema. Dabarar ta yi amfani sosai inda siffa ita ce dukan zance, alal misali tambarin kayan sayarwa, wanda baƙin zane ne a kan farar takarda.

A 2012 Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da malaminsu Geoffrey Hinton na Jami'ar Toronto suka bi wata hanya dabam. Ba su gaya wa na'ura abin da za ta auna ba. Sun nuna mata hotuna fiye da miliyan ɗaya, kowanne da sunansa, suka bar ta ta koya. Kuskurenta a gasar shekarar ya tsaya wajen kashi 15 cikin ɗari, na mai bi mata kashi 26. Abin mamaki, da aka leƙa matakinta na farko, sai aka tarar abin da ta fara koya wa kanta shi ne gane launi da layukan gefe masu karkata iri-iri, kusan irin waɗanda aka gani a ƙwaƙwalwar kyanwa shekara 53 kafin nan.

Yau mai neman rajistar tambari yana iya ɗora zanensa a taskar Hukumar Kare Haƙƙin Fasaha ta Duniya da ke Janiba, nan take ta jero masa masu kama da shi. Amma ko kamar ta kai ta ruɗi mai saye a kasuwa, wannan har yanzu jami'in rajista ne ke yanke shi, in an yi gardama kuma a tafi gaban alƙali.