Manhajojin kyauta na zanen fuskar manhaja

Manhajojin kyauta na zanen fuskar manhaja su ne waɗanda ake tsara kamannin manhajar waya ko shafin intanet da su ba tare da sayen lasisi ba. Fuskar manhaja ita ce abin da mutum yake gani yake taɓawa: maɓallai, jerin zaɓi, akwatunan rubutu, launuka da haruffa. Akan zana ta kafin a rubuta lambobin manhajar, domin gyara a kan zane ya fi arha.

Ma'anar "kyauta"

Kalmar tana ɗauke da ma'ana biyu. Akwai manhajar da ba a biyan kuɗinta amma lambobinta a rufe suke, kamfanin da ya mallake ta na iya sauya sharuɗɗa ko saka farashi a kowane lokaci. Akwai kuma manhaja mai 'yanci, wadda lasisinta ya ba kowa damar amfani da ita, nazarin lambobinta, gyara ta da raba ta. Richard Stallman ne ya jagoranci wannan tafiyar, ya kafa gidauniyar Free Software Foundation a 1985.

Fitattu daga ciki

Figma: Dylan Field da Evan Wallace suka kafa kamfanin a Amurka a 2012, aka buɗe manhajar ga jama'a a 2016. Mutane da yawa na iya aiki a kan zane ɗaya lokaci guda. Tana da tsarin kyauta mai iyaka kan yawan fayiloli, lambobinta kuma a rufe suke.

Penpot: kamfanin Kaleidos na birnin Madrid a Sifaniya ya ƙirƙiro ta, a ƙarƙashin lasisin MPL 2.0. An gina ta a kan SVG da CSS, ƙa'idojin da masu rubuta shafukan intanet ke aiki da su, don haka zanen ya fi sauƙin komawa shafi. Makaranta ko kamfani na iya girka ta a kan sabarsa. Ta ƙara samun karɓuwa bayan Adobe ya sanar a watan Satumba na 2022 cewa zai sayi Figma a kan dala biliyan 20, cinikin da ya wargaje a Disamba 2023.

Inkscape: ta fito a 2003. Da ita ake zana tambari da ƙananan alamomi waɗanda ba sa dishewa idan an ƙara musu girma.

GIMP: an fara ta a 1995, aikinta gyaran hotuna ne.

Pencil Project da Excalidraw: sun dace da zanen farko, inda ake nuna mazaunin kowane abu kafin a zaɓi launi.

Lunacy: ta kamfanin Icons8 ce, ba a biyan kuɗinta amma ba mai 'yanci ba ce.

Figma da Penpot na buƙatar haɗi da saba, su kuwa Inkscape, GIMP, Pencil da Lunacy suna aiki a kwamfuta ko da babu intanet.

A ƙasar Hausa

Shirin 3MTT da gwamnatin tarayyar Najeriya ta ƙaddamar a 2023 ya saka zanen fuskar manhaja cikin sana'o'in da yake koyarwa. Ga mai koyo, lasisin da ake biya da dala, kuɗin data da rashin tsayayyar wutar lantarki su ne kan gaba wajen zaɓen manhaja. A 2024 an saka Hausa, Yarbanci da Ibo cikin harsunan da Penpot ke nuna umarninta da su.

Zane da Hausa na da buƙatunsa. Ba kowane salon rubutu ne ke ɗauke da ƙ, ɗ da ɓ ba, haka ma ƴ da ake rubutawa a Nijar inda Najeriya ke rubuta 'y. Idan harafin ya ɓace, waya kan nuna akwati ko ta aro shi daga wani salon. Maye gurbinsa da harafi mara lanƙwasa na sauya ma'ana: "ƙafa" ta koma "kafa", "ɓata" ta koma "bata". Salon Noto Sans na Google, da Andika da Charis na ƙungiyar SIL, suna da waɗannan haruffa kuma kyauta ne.

Ajami ana rubuta shi daga dama zuwa hagu, don haka dole a juya tsarin shafin gaba ɗaya. SIL ta fitar da salon Alkalami, mai bin hannun rubutun Kano, da kuma Harmattan. Alal misali, manhajar da za ta nuna farashin albasa ga 'yan kasuwar Aliero da manoman ƙauyukan Jega da Maiyama a jihar Kebbi tana buƙatar manyan lambobi, alamomi masu saukin ganewa, da zaɓi tsakanin boko da ajami, tun da wasu masu amfani da ita ajami suka fi iya karantawa.