Barci Biyu a Dare Ɗaya

Dattijon da ya farka ƙarfe biyu na dare ya kasa komawa barci nan take, yau sai a ce masa ya nemi magani. Shekaru 300 da suka wuce ba wanda zai ce masa haka a Ingila ko Faransa. Masanin tarihi Ba'amurke, Roger Ekirch, ya tattaro wurare sama da 500 a takardun kotu da littattafan likitanci da na addu'o'i inda ake ambaton barcin farko da barci na biyu, kamar yadda muke ambaton azahar da la'asar. Mutane kan kwanta da wuri, su farka wajen tsakar dare, su yi kamar awa guda suna addu'a ko iza wuta ko hira, sannan su sake kwanciya. A 1953 ma wani mai bincike, Paul Bohannan, ya tarar da Tibi a yankin Binuwai suna raba darensu haka. Musulmi kuwa ya san tahajjudi, ya san ƙailula.

Fitila ce ta kashe al'adar. Birnin Paris ya fara haskaka titunansa a 1667, daga baya aka sami fitilar gas da lantarki, ga agogon masana'anta da bai san uzuri ba. Hira ta yi tsawo, lokacin kwanciya ya matse, kafin ƙarni na 20 ya yi nisa an manta da barcin farko. Da likita Thomas Wehr ya sa mutane cikin duhu awa 14 kullum har wata guda, a binciken da ya fitar a 1992, barcinsu ya rabe biyu da kansa. Ke nan barci ɗaya tak daga kwanciya zuwa safiya sabon ma'auni ne, kuma tsofaffi ya fi cuta, domin barci mai nauyi yana raguwa da shekaru.

Wani zai ce binciken Jerome Siegel na 2015 kan Hadza na Tanzaniya da San na Namibiya da Tsimane na Bolibiya bai ga irin wannan rabuwa ba, alhali ba su da lantarki. Gaskiya ne, shi ya sa ba za a ce haka aka halicci kowa ba. Iyaka dai farkawa ita kaɗai ba cuta ba ce. Abin dubawa shi ne ko jimillar barcin ta kai awa 7 zuwa 8, kuma ko mutum ya wayi gari garau. Tsohon da ya wuni yana gyangyaɗi, ko minshari ke shaƙe shi, ko fitsari ke tashinsa sau da yawa, wannan a kai shi asibiti, don hawan jini da ciwon suga na tafiya da irin haka. Wanda kuwa ya farka ya yi nafila ya koma, kada 'ya'ya su saya masa ƙwayar barci a kemis: jiri take sa tsoho, ya faɗi ya karye.